Orval Direba da Kwarin Naman Kaza

Orval Brandmeyer ya yi fiye da shekara talatin yana tuƙa motar 'yan makaranta a garinmu na bakin kogi, a kudancin jihar Iowa ta Amurka, don haka babu mai gemu ko mai goyo a garin nan da bai taɓa harara ta madubi ba. Har gobe idan ya yi gyaran murya a shagon kofi sai ka ga ƙarti sun gyara zama. Direba ake ce masa, masu ladabi su ce Baba Direba. Gajere ne kakkaura, ga tumbi kamar ya haɗiyi kabewa, kuma hula ɗaya duniya ta san shi da ita, ta wani kamfanin irin masara da ya daɗe da rufewa.

Gidansa yana tsohuwar unguwa, wadda aka sa cikin wuraren tarihi, inda titi ma da jan bulo aka shimfiɗa shi, kuma ba ka isa ka sauya fentin ƙofarka ba sai kwamiti ya zauna ya sha shayi a kanka. Baƙi kan zo da motoci su yi ta ɗaukar hoton gidajen. Orval yana zaune a baranda sukan haɗa da shi, a zatonsu yana cikin kayan tarihin. Da ya gane haka sai ya daina motsi idan sun ɗaga kyamara, sai sun matso kusa ya ce musu sannu, su watse.

Amma sunan da ya yi ba a tuƙi ya yi shi ba. A naman kaza ya yi shi, wannan da ke tsirowa a daji gindin matattun itatuwa, mai kai kamar saƙar zuma. A ƙarshen Afrilu yake fitowa, bayan ƙanƙara ta narke an yi ruwa mai ɗumi, lokacin da sabon ganye ya kai kunnen kurege girma. Ba ya daɗewa. Ka yi sakaci kaɗan ya baƙe ya ruɓe, sai kuma baɗi. A soya shi da man shanu da ɗan garin fulawa, mutumin kirki ya ci ya manta da sunan 'ya'yansa.

Kowa a garin yana da wurinsa a cikin gandun dajin jiha da ke bayan gari, kuma ba wanda yake faɗa. Mutum zai ba ka aron motarsa, ya ba ka makullin gidansa, ya tsaya maka a kotu, amma ka ce masa "Ina ka samo?" ya dube ka cikin ido ya ce, "A daji." Faston cocinmu ma, da aka tambaye shi, sai ya nuna gabas da haɓa alhali takalminsa ya yi dumu-dumu da jan taɓon yamma.

Sauran mutane a hula suke kawo nasu. Orval a buhu yake kawowa, irin ragar albasar nan, har biyu, yana tafe yana nishin ƙarya don a lura. Wurin nasa wani ɗan kwari ne na gado. Ubansa bai nuna masa ba sai da ya ga ya yi aure ya haihu, ya tabbata ba zai bar garin ba. Shi kuwa Orval bai nuna wa kowa ba, har matarsa Lavonne. Yakan ajiye a-kori-kurarsa a wani gefe na gandun, ya fito da sandar kamun kifi don a ce rafi za shi, ya jefa ta cikin ciyawa, ya yi wata hanya. Wata shekara har rigar ruwan Lavonne mai furanni ya sa, ya wuce ta gaban masu fakonsa yana rausaya.

Shugaban masu fakon shi ne Delmar Hutsell, ƙanin Lavonne, dogo siriri mai gyaran famfo. Tun yana saurayi yake bin Orval a daji, yanzu ga furfura ta cika masa kai, kuma duk abin da ya taɓa samowa kaska ce da ƙaiƙayin ganye.

To, bara sai Orval ya hau tsani zai share indararo, tsanin ya yi nasa wuri shi ma ya yi nasa. Aka yi masa aiki a gwiwa, likita ya ce kada ƙafar ta taɓa ƙasa sai ya ba da izini. Aka dawo da shi baranda, ƙafa a miƙe kan kujera kamar icen girki.

Sai ruwan ɗumin ya sauka.

Orval yana zaune ƙamshin ƙasa yana shigar masa hanci. Ya san abin da ke faruwa a kwarinsa kamar yana gani: sun ɓullo, sun miƙe, suna jiran mai su, kuma ba za su jira har likita ya gama tunani ba. Mutane suka fara wucewa ta ƙofarsa da 'yan tsirarunsu a hula, kowa sai ya rage tafiya.

"Baba Direba, ya ƙafa? Bana dai sai haƙuri ke nan."

"Wannan da ka riƙo naman kaza ne ko kashin zomo?" in ji shi. Amma da sun wuce sai ya yi tagumi.

Lavonne ta fito da kofi ta same shi haka.

"Maigida, ka faɗa mini wurin in je in tsinko maka. Kuka ya rage ka yi."

"Ke? Kafin ki iso gida matan coci sun ji."

"Shekara arba'in ina wanke maka wando, ban faɗa wa matan coci abin da nake gani a ciki ba."

"Wannan daban."

"To zauna su ruɓe. Ni na huta da tsayuwa gaban kasko."

Ta shige. Ya bi bayanta da kallo, daga nan idonsa ya sauka kan baron da take kwasar taki da shi, jingine da katanga. Ya daɗe yana kallonsa. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, yana dariya shi kaɗai har kofin ya zube masa a cinya.

Ya aika aka kira Delmar.

"Ƙanina, zauna. Kana son zuwa wurin?"

Delmar ya zauna a hankali kamar kujerar za ta cije shi. "Yaya, ko maganin asibitin ne ya hau maka kai?"

"Zan kai ka. Da ƙafarka za ka taka wurin."

"Ashe zan ga wannan rana."

"Ban ce za ka gani ba. Takawa na ce."

Ya zayyana masa. Shi Orval zai shiga baro, Delmar zai tura, amma da ido a ɗaure. Orval ne ido, Delmar ne ƙafa. A dawo a raba.

"Wato in zama jakinka."

"Jaki yana gani. Kai ka fi jaki amana."

Delmar ya zage shi, ya tashi, ya kai bakin ƙofa, ya dawo. A ransa yana cewa ai ƙafa ma tana da ƙwaƙwalwa, zai haddace hawa da gangara. Orval ya san abin da yake saƙawa, ya kuma riga ya shirya masa zagaye-zagayen da za su juya masa kai.

Delmar ba shi da sarari sai Asabar. Asabar ɗin kuwa ita ce ranar da gandun ke buɗe wa masu kwana a tanti, kuma ranar ce matan kwamitin tarihi ke sa dogayen riguna irin na kakanni da huluna masu igiya, su yi liyafa a babbar rumfar gandun. Orval ya san da haka sarai. Amma mutumin da ya saba shiga daji shi kaɗai kamar inuwa, bai taɓa tunanin akwai ranar da zai zama abin kallo ba.

Suka isa da hantsi. Delmar ya sauke baro, ya shimfiɗa bargo, ya cicciɓi surukinsa ya dasa a ciki, ƙafa a miƙe gaba kamar bakin igwa. Orval ya rungume ragar albasa biyu da sandar nan mai baki da asibiti ke ba wa marasa lafiya don ɗaukar abu daga ƙasa. Sa'an nan ya sa Delmar ya sunkuyo, ya ja masa hular sanyi har hanci, ya ɗaure da tawul ɗin kicin, ya yi ƙulli biyu.

"Yatsu nawa na ɗaga?"

"Na san dai wanda ka ɗaga, mara kunya."

"Madalla. Tura."

Tayar baron ba ta taɓa ganin mai ba. Da Delmar ya tura ta saki wani ƙara, ƙiii, ƙiii, kamar ana yanka alade a nesa.

A bakin hanyar daji suka ci karo da Roxanne Yoder, ma'aikaciyar gandun, cikin kakinta da faffaɗar hularta. Ita ma motar Orval ce ta yi ta kai ta makaranta. Ta tsaya ta dubi na cikin baron, ta dubi na bayansa, ta cire tabarau ta sake dubawa.

"Baba Direba, ina kwana. Me nake gani haka?"

"Motsa jiki. Likita ya ce in riƙa shan iska."

"Shi kuma Kawu Delmar fa?"

"Rana ce ba ya so."

"Ina neman dokar da ta hana wannan a kaina," in ji Roxanne, "ban samu ba tukuna."

"Idan kin samu ki aiko mini. Matsa, 'yar nan, kin tare hanya."

Ta matsa. Amma ta ga bakin ragar albasa yana leƙowa daga ƙarƙashin bargo, kuma ita 'yar garin ce. Ta ba su 'yar tazara ta bi bayansu, wai don kada su faɗa rami.

Shi Orval gabansa kawai yake kallo, don yadda aka cusa shi a baron ko wuyansa ba ya iya juyawa sosai. Kuma daɗi ya riga ya kwashe shi. Rabonsa da tuƙi tun da ya yi ritaya, yau ga shi da mota mai numfashi.

"Dama. Damarka, Delmar, ba ta maƙwabcinka ba. Miƙe. Akwai saiwa. Na ce akwai saiwa."

Baron ya yi tsalle, Orval ya yi sama ya dawo.

"Ai sai ka faɗa kafin mu hau ta."

"Na faɗa. Kunnenka ma na ɗaure ne? Taka birki, gangara ce."

"Birkin ƙafata ce, Yaya, kuma ta tsufa."

Suka gangara a guje, Delmar yana bin baron maimakon ya tura shi, Orval yana riƙe da hula yana yin oda da baki, har suka tsaya cikin wani kurmi. Orval ya fito da ganye a baki yana ƙyaƙyata dariya. Ya sa aka zagaya wani katon itace har Delmar ya fara tangaɗi, aka koma baya, aka tsallaka rafi ta kan duwatsu, aka sake tsallako shi don ɓad da sawu. A tsakiyar rafin ya fara rera waƙar da yara ke yi a motarsa, yana kaɗa sanda a gefen baro.

Ƙaran tayar nan kuwa ya ratsa gandun kaf. Masu kafa tanti suka ajiye guduma. Masu kwale-kwale suka jawo shi gaɓa. Birdie mai shagon kofi, wadda ta kawo wa matan kwamiti kek, ta hango ma'aikaciyar gandun tana sanɗa a bayan makaho mai tura baro, ta ajiye faranti a kan ciyawa ba ta ce wa kowa komai ba. Matan kwamiti suka tattare dogayen rigunansu suka bi ta. Fasto, da ke nasa neman a wani lungu da 'yar hularsa, ya ga jerin gwano ya shiga sahu. Ba wanda ya yi magana. Duk 'yan gari ne, sun san abin da ragar albasa ke nufi a hannun Orval.

"Yaya," in ji Delmar yana haki, "kamar ina jin takun ƙafa a bayanmu."

"Barewa ce."

"Barewa tana tari?"

"Bana sanyi ya yi yawa. Tura, kada ka nemi dalilin cire tawul."

Can sai hanya ta ƙare. Suka kutsa ta tsakanin wasu duwatsu biyu da kowa ke wucewa bai taɓa lura akwai mashiga ba, suka sauka cikin wani ɗan kwari mai tsofaffin itatuwan tuffa na wata gona da aka manta da ita, ga matattun itatuwa ɓawonsu na zubewa. Orval ya ce a tsaya. Muryarsa ta sauya.

Ga su nan. Gindin kowane itace, cikin busasshen ganye, gefen duwatsu, tsaye cirko-cirko, waɗansu sun kai tafin hannu tsawo. Bai taɓa ganin shekarar da suka yi haka ba. Ya cire hula, ya mayar, ya sake cirewa.

"Mun iso?" in ji Delmar. "Ina jin ƙamshinsu. Akwai da yawa?"

"'Yan kaɗan ne. Bana ba su yi ba."

Ya miƙa sandarsa mai baki ya tsinko na farko, ya sumbace shi, ya jefa a raga. Ya tsinko na biyu, na uku, yana yi musu magana kamar yaran da suka makara. Da ya share duk abin da sandar za ta iya kaiwa ta gabansa, sai ya ce, "Juya ni. Akwai wasu a baya."

Delmar ya juya baron, tayar ta yi ƙaranta.

A kan gangaren da suka sauko, rabin garin ne a tsaye. Roxanne a gaba da hula a hannu. Birdie da garin fulawa a goshi. Matan kwamiti cikin rigunan kakanni, ƙaya ta yayyage musu gefe. Fasto. Masu tanti da yaransu. Wani baƙo ma da kyamara a wuya, wanda bai san me ake bi ba. A can ƙarshe kuwa ga Lavonne, ta harɗe hannu a ƙirji. Ba wanda ke kallon Orval. Ƙasa suke kallo, baki a sake.

Birdie ce ta fara ɗago kai. Ta ɗaga masa hannu kaɗan, irin gaisuwar da ake yi a jana'iza.

Orval ya bi su da kallo. Wurin ubansa, wurin da ya yi ta sa rigar mata dominsa, shi da kansa ya jawo gari guda zuwa cikinsa da kiɗa da waƙa.

"Ka yi shiru," in ji Delmar. "Lafiya?"

Orval ya dubi taron, ya dubi ƙanin matarsa da ke tsaye kamar turke, tawul a fuska, gumi na bin wuyansa. Wurin ya riga ya tafi, wannan ba gyara. Amma akwai saura mutum ɗaya da bai gani ba.

"Lafiya lau," ya ce. "Kurege nake kallo."

Ya ɗora yatsa a leɓe, ya bi su da harara ɗaya bayan ɗaya. Ya nuna ƙasa, ya nuna baro. Suka gane.

Ba a taɓa tsinkar naman kaza cikin shiru irin na ranar ba. Manya da yara suka bazu a kan yatsun ƙafa, suna tsinka suna kawowa suna zubawa a cinyar Orval. Wata tsohuwa ta cika hularta mai igiya ta juye. Fasto ya cusa hankici a baki, hawaye na zubo masa. Roxanne ta zo wucewa gab da Delmar, dariya ta ci ƙarfinta, ta yi wani gurnani ta hanci.

"Mene ne wannan?"

"Cikina ne. Maganin asibiti."

Raga biyu suka cika, bargo ya cika, aka tula sauran a kan tumbinsa. Da Delmar ya ɗaga hannuwan baron sai da ya yi nishi.

"Kai kaɗai da sandar nan ka yi wannan lodin? Ka ce bana ba su yi ba."

"Ƙiba na yi. Tura."

Aka dawo a jere kamar rakiyar amarya, kowa na takawa daidai lokacin da tayar ke ƙara don kada a ji sawunsa. Kafin a kwance wa Delmar tawul a wurin ajiye motoci, jama'a sun watse sun koma harkokinsu, kowa na fito da baki yana kallon sama.

Da la'asar aka soya a babbar rumfa. Duk kaskon da ke garin ya fito. Delmar ya zauna a tsakiya yana cika baki, yana gaya wa mutane cewa shi kaɗai ne a duniya ya taɓa taka wurin Orval, mutane suna cewa kai, ka ji daɗinka, suna shaƙewa da abinci.

Orval yana gefe cikin baronsa, faranti a kan tumbi, bai ci da yawa ba. Lavonne ta jawo kujera ta zauna kusa da shi.

"Har da ke," ya ce.

"Da ka so in tsaya gadin kek?"

"Wurin babana ne."

"Na gani. Yana da kyau, maigida. Da ka kai ni tun muna da ƙafafu."

Ya ɗauki mafi girma a farantinsa ya sa a nata.

Bana ƙafar ta warke, ya tafi da kansa, ya tarar sawun takalma ya yi hanya har cikin kwarin. A hula ya kawo nasa, kamar kowa. Ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwa.

Delmar kuwa ya tambayi duk wanda ya sani, don a ƙarshe labari ya kai masa cewa an yi taro a bayansa. Ya yi wa Birdie gyaran famfo kyauta, ya kai wa Fasto kifi, ya yi wa yayarsa magiya har da tuna mata marigayiya uwarsu. Kowa ya ce ya manta hanya. Da abin ya ishe shi sai ya yanke shawarar komawa ga ƙafafunsa. Ran wata Asabar ya ari baro, ya je bakin hanyar daji, ya ɗaure idonsa da kansa, ya fara turawa babu kowa a ciki.

Roxanne ce ta bugo waya gidan. Lavonne ta ɗauka, ta saurara, ta leƙo baranda.

"Wai a zo a ɗauki Delmar. Ya ture tantin wasu baƙi, ya shiga rafi ya fito, yanzu ya nufi banɗakin maza da baro."

Orval ya ajiye kofi. Kafaɗunsa suka fara rawa.

"Tambaye ta, gabas ya dosa ko yamma?"

Lavonne ta tambaya. "Ta ce gabas."

"To a ƙyale shi," in ji Orval, yana share ido da hula, don kwarin a yamma yake. "Ki ce mata ta gaya masa ya kusa."